Karatun jin daɗin jama'a a Kanada: digirin gama-gari ko na 'yan asalin ƙasa?

Duk wanda ya fara duba jami'o'in Kanada da niyyar karanta aikin jin daɗin jama'a zai tarar hanyar ta rabu biyu. Akwai digirin da yawancin manyan jami'o'i ke bayarwa, wanda zan riƙa kira na gama-gari. Akwai kuma wanda aka gina kacokan a kan tarbiyya da sanin 'yan asalin ƙasar, wato al'ummomin First Nations da Inuit da Métis. Hukuma ɗaya ce ke tantance kwasa-kwasan biyu, ƙungiyar CASWE mai kula da koyar da wannan sana'a a jami'o'in Kanada, kuma a digirin farko kowanne sai ɗalibi ya yi aƙalla sa'o'i 700 na sanin makamar aiki kafin a sallame shi. In dai kwas ɗin yana da wannan tantancewa, kwalinsa zai kai mutum ga yin rajista da hukumar lardin da zai yi aiki. Saboda haka maganar wane kwali ya fi nauyi ba ta taso ba. Abin da ya kamata a auna shi ne irin ma'aikacin da kowane tsari ke son fitarwa, da kuma wanda yake ganin ma'aikacin zai amsa wa tambaya idan abu ya lalace.

Ba a fahimtar dalilin samuwar tsari na biyu sai an san abin da wannan sana'a ta aikata a can. Tun daga shekarun 1880 gwamnatin tarayya da coci-coci suka riƙa gudanar da makarantun kwana inda aka tara yaran 'yan asalin ƙasa kimanin 150,000, aka hana su yarensu, aka raba su da iyayensu, dubbai suka mutu a can. Ta ƙarshe da gwamnatin tarayya ke gudanarwa a lardin Saskatchewan sai a 1996 aka rufe ta. Da makarantun suka fara ja baya, sai ofisoshin kula da yara suka karɓi aikin. Gyaran da aka yi wa dokar Indian Act, wadda gwamnatin tarayya ke tafiyar da al'amuran First Nations da ita, a 1951 ya ba wa dokokin larduna damar shiga yankunan da aka keɓe wa waɗannan al'ummomi, daga nan ma'aikatan jin daɗin jama'a suka fara kwashe yara suna bayar da su riƙo ga Turawa, wasu har Amurka. Ana ƙiyasta yara kimanin 20,000 ne aka ɗauke ta haka daga shekarun 1960 zuwa 1980. Alƙali Edwin Kimelman, wanda ya binciki lamarin a Manitoba, ya kira shi kisan al'ada a rahotonsa na 1985. Waɗanda suka yi kwasar ba 'yan daba ba ne. Mutane ne masu digiri, masu fayil, waɗanda suka yi imani ceto suke yi.

Abin bai zama tarihi ba tukuna. Ƙidayar 2021 ta nuna yaran 'yan asalin ƙasa kashi 7.7 ne cikin ɗari na yaran Kanada 'yan shekara 14 zuwa ƙasa, amma su ne kashi 53.8 na yaran da ke hannun masu riƙo. A Manitoba kusan tara cikin kowane goma ne. Shi ya sa lokacin da Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta fitar da buƙatunta 94 a 2015, biyar ɗin farko duk a kan kula da yara suke, kuma ta farkon ta ambaci horar da ma'aikatan jin daɗin jama'a ƙarara. A 2019 ƙungiyar ma'aikatan ta ƙasa, CASW, ta fito ta nemi afuwa a rubuce.

Tsarin gama-gari ya ginu ne a kan ƙa'idojin sana'a. Kundin ɗa'a na CASW da aka sabunta a 2024 ya jera ginshiƙai bakwai: mutunta kowane ɗan Adam, adalci a cikin al'umma, neman gaskiya da sasantawa, daraja alaƙar mutane, riƙon amana a aiki, rufe sirri, da ƙwarewa. Na ukun bai kasance cikin ginshiƙai shida na kundin 2005 ba, kuma shigarsa alama ce cewa sana'ar tana motsi. Duk da haka ruhin tsarin bai sauya ba. Ma'aikaci ƙwararre ne, wanda ya zo gabansa mai neman taimako ne, a tsakaninsu akwai iyaka, kuma in an yi kuskure ma'aikaci zai amsa wa shugabansa da hukumar rajista da kotu. Wannan ba abin rainawa ba ne. Iyakar nan ita ke kare mace daga ma'aikacin da zai yi amfani da rauninta, rufe sirrin nan shi ke sa matashi ya faɗi abin da ba zai iya faɗa wa mahaifinsa ba.

Tsarin 'yan asalin ƙasa bai jefar da waɗannan ƙa'idoji ba, ɗalibansa ma suna karanta su kuma dokar ta hau kansu. Sai dai ya aza wani abu a ƙarƙashinsu. A Jami'ar Laurentian da ke Sudbury a lardin Ontariyo, inda aka fara wannan kwas a 1988, tushen shi ne koyarwar kakanni bakwai ta al'ummar Anishinaabe: hikima, ƙauna, girmamawa, jarumta, rashin ha'inci, ƙanƙan da kai, da gaskiya. Tare da su akwai da'irar nan mai kashi huɗu da suke auna lafiyar mutum da ita, jiki da hankali da zuciya da ruhi, wadda ke cewa in ɗaya ya karkace sauran ba za su miƙe ba. Ka lura da abu guda. Ginshiƙan kundin sana'a suna bayanin yadda za a yi aiki daga ƙarfe tara zuwa biyar. Koyarwar kakanni tana bayanin halin mutum ne, a ofis da gida da kasuwa. Babu kundin ɗa'ar sana'a da zai ce wa ma'aikaci ya ƙaunaci wanda yake yi wa aiki. A nan kuwa daga nan ake farawa, kuma ma'aikacin yana amsa wa dangin yaron da dattawan garin da jikokin da ba a haifa ba, kafin ya kai ga fayil.

A ce wata makaranta a Winnipeg ta kai rahoton yaro ɗan shekara 7 da ke yawan fashin zuwa makaranta, wani lokaci ya zo ba abincin rana. Mahaifiyarsa na fama da shaye-shaye. Litinin a gidan kakarsa yake kwana, Laraba a gidan gwaggonsa, ƙarshen mako wajen uwar in tana cikin hayyacinta. A gidan kakar mutum tara ne a ɗaki biyu, bango ya yi baƙi saboda danshi.

Wanda aka horar a tsarin gama-gari zai zo da takardar auna haɗari, kuma tambayoyinta masu ma'ana ne: wa ke da alhakin yaron, ina ne mazauninsa na dindindin, wa yake kwana da shi a ɗaki, akwai abinci a firij. Matsalar ita ce takardar an tsara ta ne da gidan uba da uwa da 'ya'ya biyu a zuciya. Yaro mai gida uku, a ma'auninta, yaro ne marar gida. Wanda ya fito daga ɗaya tsarin zai fara ne da zama. Zai faɗi sunansa da garinsu da mutanensa, ya karɓi shayin da aka miƙo, ƙila ma ranar farko ba zai fito da biro ba. Abin da yake lissafawa daban ne: manya uku na tsaye a kan yaron nan, babu daren da ya kwana a titi, kakar ce ke kai shi asibiti. Abin da ya rasa abinci ne da ɗaki mai kyau, uwar kuma magani take buƙata. Sai ya nemi a tara dangi a zauna a da'ira, a sanar da al'ummar da yaron ya fito, a fitar da tsarin da dangin da kansu za su riƙe.

Yau doka ta karkata wajen na biyun. Dokar tarayya da aka fi sani da C-92, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2020 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a Fabrairun 2024, ta ce kada a ɗauke yaro saboda talauci ko rashin muhalli kaɗai, kuma in ɗaukewa ta zama dole a bi jeri: ɗaya daga cikin iyaye, sai wani babba a dangi, sai ɗan al'ummarsu, sai ɗan wata al'umma ta 'yan asalin ƙasa, bare ne na ƙarshe. Ta kuma amince al'ummomin su kafa dokokin kula da yaransu. Wannan yana nufin ko a tsarin gama-gari ka yi karatu, sai ka koyi aiki da wannan tunani in dai da yara za ka yi aiki.

Amma kada a ɗauka tsarin dangi ba shi da rauni. Wani lokaci haɗarin a cikin dangin yake, kawun da kowa ke girmamawa shi ne mai cutar da yarinyar, kuma da'irar da ta tara kowa tana iya rufe mata baki. A ƙaramin gari inda ma'aikaciya ta san kowa, wadda za ta rubuta rahoto a kanta tana iya zama 'yar ajinsu ko surukar yayarta. A irin wannan hali sanyin takarda da tsaurin iyaka rahama ne. Kwasa-kwasan 'yan asalin ƙasa masu kyau sun san haka, suna koyar da wajibcin kai rahoto da rubutun kotu kamar kowa, kuma jarumtar da ke cikin koyarwar bakwai ta haɗa da faɗa wa dattijo abin da ba ya son ji. Duk da haka, a ganina, wanda burinsa aikin asibitin ƙwaƙwalwa ne ko auna marasa lafiya ko binciken manufofin gwamnati zai fi samun zurfi da yawan zaɓi a babbar makaranta ta gama-gari, irin ta Jami'ar Toronto da ke koyar da wannan fanni tun 1914, ko McGill, ko Calgary.

Ajin ma kansa ba iri ɗaya ba ne. A na gama-gari lacca ce da muhawara da rubuta maƙala, abin da duk wanda ya yi jami'a ya saba da shi. A ɗayan sau da yawa kujeru a zagaye suke. Ana iya buɗe zama da turara hayaƙin ganyayen da suke girmamawa, a zagaya da kasko kowa ya shafa hayaƙin a fuska da ƙirji. Sai a miƙa gashin gaggafa ko dutse, wanda yake hannunsa shi ke magana, ba a katse shi, ba a yi masa gyara, in ya yi shiru na minti biyu a jira shi. Malamin ma sai abin ya zagayo kansa. Dattawa suna cikin masu koyarwa, kuma in za ka nemi ilimi wajen dattijo, a al'adar da yawa daga cikinsu taba ake miƙa masa tukuna. A Jami'ar First Nations da ke Saskatchewan, da kuma digiri na biyu na Jami'ar Wilfrid Laurier a Kitchener wanda aka buɗe a 2006, fita sansanin al'ada na kwanaki a daji tare da dattawa ɓangare ne na karatun. Kuma ana sa ran ɗalibi ya buɗe nasa cikin, ya yi maganar raunukan gidansu, domin tsarin ya yi imani wanda bai duba ciwonsa ba zai kai shi gidan mutane. Ga wanda ya tashi da kunya da kawaici, wannan ya fi kowace jarrabawa nauyi.

Nan ne Musulmi ko Kirista mai riƙo da addininsa ya kamata ya tsaya ya yi tunani da gaske, tun kafin ya biya kuɗin fom. Turaren hayaƙin nan da bukkar zafi da ake shiga a yi gumi da addu'o'in da ake yi ibada ce a wajen masu su, ba wasan gargajiya na nuna wa baƙi ba. Gwamnatin Kanada ta taɓa haramta wasu daga cikin manyan bukukuwansu tun daga shekarun 1880, haramcin bai fita daga doka ba sai 1951, an ɗaure mutane a kansu. Dawo da ibadar cikin aji ƙwato abin da aka ƙwace ne, don haka ba za su ji daɗin wanda ya zo yana yamutsa fuska ba. A gefe guda, abin da aka saba koyarwa shi ne ba a tilasta wa kowa shafa hayaƙi, mutum na iya ja da baya cikin ladabi kasko ya wuce. Zama a wurin cikin girmamawa daban, shiga ibadar daban. Shawarata ita ce a rubuta wa sashen tun farko a tambaye su dalla-dalla: mene ne wajibi a sansanin al'ada, mene ne na ganin dama, ana ba da maki a kan shiga ko a kan halarta. Sannan mutum ya kai amsar wajen malamin da ya yarda da iliminsa. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta natsu ko da zama a gefe ba, ya ɗauki na gama-gari, ya zaɓi darussan tarihi da dokokin 'yan asalin ƙasa da ke ciki, babu abin kunya a haka. Wani abin lura kuma, a wannan tsari ba wanda zai yi mamakin ɗalibin da ya tashi ya yi salla, domin aji ne da ya ɗauki ruhi a matsayin kashi ɗaya cikin huɗu na lafiyar mutum.

Akwai tarkon da Bahaushe zai iya faɗawa cikin sauƙi. Abubuwa da yawa a wannan tsari za su yi masa kama da gida: riƙon ɗan 'yar'uwa, kaka mai tarbiyya, gaisuwa kafin magana, tambayar kai ɗan gidan wane ne, ɗa na kowa ne. Mu ma Turawa sun mulke mu. Sai mutum ya ji ai ya riga ya gane. Bai gane ba. Mulkin mallakar da aka yi a ƙasar Hausa bai kwashe yara daga ɗakunan iyayensu ya hana su Hausa ba, Turawan kuma sun tattara sun tafi a 1960. A Kanada ba su tafi ba, kuma baƙon da ya sauka jiya da biza yana zaune ne a kan ƙasar da ake taƙaddama a kanta, in ya samu aiki kuma katin hukumar da ta ɗauke kakar yaron nan yake rataye da shi. Kamanceceniyar za ta taimaka maka ka fahimci dangin da sauri fiye da abokin karatunka da ya tashi a gidan mutum huɗu. Ba za ta ba ka izinin yin magana da yawunsu ba.

Game da makarantun, ga abin da ya bambanta su. Sashen Jami'ar First Nations shi ne dattijo a fagen, an fara shi a 1974, yana ba da satifiket da digirin farko da na biyu, kuma jami'ar tana haɗe da Jami'ar Regina wadda ke ba da kwalin. Tunanin al'ummomin filayen yamma, irin su Cree da Saulteaux da Dakota da Dene, shi ya fi ƙarfi a can. Laurentian ta Anishinaabe ce, kuma an san ta da koyarwa daga nesa, abin da ya taimaki mutanen ƙauyukan arewa da ba za su iya barin aiki da iyali ba. Ga wanda ya riga ya yi digirin farko a fannin akwai na Laurier, akwai kuma digiri na biyu na Jami'ar Manitoba da aka gina a kan sanin 'yan asalin ƙasa. Dukkan makarantun biyu na farko sun sha girgiza: a 2010 gwamnatoci sun janye tallafin Jami'ar First Nations na wani lokaci saboda rikicin shugabanci, Laurentian kuma ta faɗa fatarar kuɗi a Fabrairun 2021 ta soke kwasa-kwasai 69, ko da yake wannan kwas ya tsira. Ƙananan sassa ne, malamai kaɗan, tafiyar mutum biyu tana iya sauya komai. Wasu kwasa-kwasan a ƙasar sun keɓe gurabensu ga 'yan asalin ƙasa ko suna fifita su, kuma daidai ne su yi hakan, don su aka gina su. A duba sharaɗin shiga na shekarar da za a nema. Ɗalibin waje ya kuma sani cewa karatun nesa zalla ba ya ba da izinin zama na ɗalibta, kuma tun 2024 Kanada ta taƙaita yawan izinin da take bayarwa.

Ta fuskar aiki, mai digirin 'yan asalin ƙasa yana da ƙofa a hukumomin kula da yara na al'ummomin, cibiyoyin zumunci na 'yan asalin ƙasa a birane, wuraren jinyar shaye-shaye, gidajen yari inda 'yan asalin ƙasa suka yi yawa fiye da kima, da makarantun arewa. Fagen yana faɗaɗa. Hukuncin da kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta yanke a Janairun 2016, a ƙarar da Cindy Blackstock, mai fafutukar haƙƙin yaran First Nations, da ƙungiyarta tare da Majalisar First Nations suka shigar, ya tabbatar gwamnatin tarayya tana tauye kuɗin kula da yaran yankunan keɓe, kuma a 2023 aka amince da diyyar fiye da dalar Kanada biliyan 23. Al'ummomi na karɓar ragamar kula da yaransu, suna neman ma'aikata. Amma aikin yana da nauyi, sau da yawa a garuruwa masu nisa da tsananin sanyi, wasu sai a jirgin sama ake shiga, ba masallaci ba naman halal. Mai digirin gama-gari ya fi sauƙin yawo tsakanin asibiti da makaranta da ofishin baƙin haure a Toronto ko Calgary, kuma in zai koma wata ƙasa ba sai ya yi dogon bayanin kwalinsa ba.

Wanda niyyarsa ya dawo Kano ko Zinder ya yi aiki, zan ce ya duba tsarin 'yan asalin ƙasa da idon basira, duk da cewa dokokin da zai haddace ba za su yi masa amfani a gida ba. Abin da zai ɗauko shi ne yadda wasu mutane suka ɗauki tarbiyyar kakanninsu suka mayar da ita manhajar jami'a mai tantancewa, da dattawa a cikin malamai, ba tare da sun zubar da kare haƙƙin yaro ba. Ofisoshin jin daɗin jama'a namu sun gaji tsarin Ingila da Faransa, alhali rigimar aure da riƙon maraya a wajen mai unguwa da liman da gwaggo ake kashe su. Ganin yadda aka haɗa irin waɗannan biyun a wani wuri darasi ne babba. Kwafo da'irarsu da ganyayensu zuwa gida kuwa kuskure ne, su kansu za su fara hana ka.

Ni dai ga inda na tsaya. In za ka zauna a Saskatchewan ko Manitoba ko arewacin Ontariyo, kuma da yara da iyalai kake son aiki, ka nemi tsarin 'yan asalin ƙasa muddin ƙofarsa a buɗe take gare ka kuma ka warware maganar ibada da zuciyarka, domin yawancin gidajen da za ka ƙwanƙwasa nasu ne. In asibiti kake so, ko bincike, ko aiki da baƙi irinka a manyan birane, ɗauki na gama-gari, amma ka nemi a tura ka sanin makamar aiki ko sau ɗaya a hukumar da 'yan asalin ƙasa ke gudanarwa. Wanda kuma yake kallon kwas ɗin a matsayin gajeriyar hanyar samun gurbi ko takardar zama, ya bar wa mai shi kujerar. Kafin ka tura kuɗi ko'ina, tabbatar sunan kwas ɗin yana cikin jerin waɗanda CASWE ta tantance a wannan shekarar, ka kuma tambayi sashen ko su ke nema wa ɗalibi wurin sanin makamar aiki ko shi zai nema da kansa, domin baƙon da bai san kowa ba a nan ya fi maƙalewa.